Ragowar Iri

Sau biyu Dabo yana shuka a daminar nan, sau biyu ƙasa tana cinyewa. Da farko binne ya yi, kamar yadda manoman ƙauyensu na kusa da Sandamu suka saba, a zuba iri cikin busasshen rairayi a bar shi ya jira ruwa. Sai aka yi ɗan yayyafin da ko ƙura bai kwantar ba sosai. Gero ya ruɗu ya tsiro, rana ta ƙone shi. Shuka ta biyu ma haka ta tafi.

Rumbu tuni aka share shi, don bara fara ce ta yi musu girbi. Yara sun koma cin tafasa ba ƙuli. Hatsin da ya rage a gidan duka yana cikin ƙwarya ɗaya, shi ne ragowar iri.

Ranar da aka fita roƙon ruwa filin idi, Dabo ya juya rigarsa bai-bai tare da jama'a, ya yi ta amin har muryarsa ta dishe. A hanyar dawowa maƙwabcinsa Mati ya ce tun da shari'a ta zo liman ya hana tsofaffin mata zaga gari da kayan maza suna kiran ruwa, to ga abin da aka samu. Dabo ya ce masa ya ji tsoron Allah. Amma maganar ta bi shi har gida. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya ji wani sashe na zuciyarsa yana sauraronta.

A tsakar gida ya tarar matarsa Haulatu ta fito da turmi, ta ajiye ƙwaryar irin a gefensa. Ƙaramar 'yarsu Fadila tana kwance a tabarma, gashinta ya yi ja, ko ƙudan da ke bakinta ba ta korewa. A aljihunsa kuwa akwai ƙullin jan garin nan da ake cuɗa iri da shi don kada ƙwari su ci.

Haulatu ba ta ɗago kai ba. "Malam, in ka zuba maganin nan, ko kaza ba ta isa ta ci ba. Dubi yarinyar nan."

Ya duba. Ya tambaye ta, in sun sha kunu ya ƙare, ruwa ya zo ya tarar da gona ba komai, sai kuma yaya? Ta ce in ya binne irin, ruwan bai zo ba fa? Ya tsuguna a gaban ƙwaryar. Shi karatunsa bai yi nisa ba, abin da ya riƙe kawai shi ne an ce a yi sababi a bar wa Allah sauran. Yau sauran nan ya yi masa girma.

Ya ɗebi tafi biyu ya zuba a turmi, ya ce a dama wa Fadila. Sannan ya kwance ƙullin.

"Allah yana ganinmu," in ji shi, muryarsa ba ƙarfi.

Haulatu ta share ido da gefen zane, ta riƙe masa ƙwaryar har irin ya rine ja.

Da la'asar yana gona shi kaɗai, ya sara da sungumi, ya jefa iri, ya rufe da dunduniya. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, har da sanyin iska. Ya tsaya yana kallo, bakinsa yana motsi. Hadarin ya karkata arewa, ya yi wajen Nijar.

Rairayin yana ƙona masa tafin ƙafa. Ya ce hasbunallahu, ya tofa yawu a hannu, ya sara rami na gaba.