Ɗakin da Ba a Ja wa Waya Ba

Shekarar da Alhaji Harisu ya tayar da gidansa a Agege, komai yana so a binne a bango. Ya shiga gidan wani abokin cinikinsa a Ikeja, ya ga talabijin na magana ba tare da waya ko ɗaya tana lilo ba, tun daga ranar ya daina barci mai daɗi. Dillalin shanu ne a mayanka, bai san bambancin wayar eriya da igiyar shanya ba, amma ya san abin da yake so: kowane ɗaki da layin dish na kallon tashoshin tauraron ɗan'adam, da layin tarho, da wani na kwamfutar da ba a ma saya ba, sannan lasifika ƙarama wadda za a haɗa da rakodar falo. Ita wannan lasifikar domin mahaifiyarsu ya ƙirƙiro ta. Hajiya Fatu, wadda suke kira Inna, idonta ya daɗe da tafiya, ba abin da ya rage mata na jin daɗi sai kaset ɗin tafsiri.

Aikin kuwa a gida yake, don ƙanensa Hamidu sana'arsa ke nan. A Agege aka haife shi, wurin wani Bayarabe ya koyi aikin wuta, kuma hannunsa yana da tsabta. Ƙa'idar aikin ɗaya ce: a fasa hanya a jikin bulo, a kwantar da bututun roba tun daga falo har ɗaki, a dasa akwatin soket, a zura waya, duk kafin mai filasta ya rufe. Abin da ka manta kafin filasta, ka manta shi ke nan.

Lokacin da aiki ya kai nan, Inna tana kwance a tsohon ɗakinta na bayan fili, jikin ya yi tsanani. An dawo da ita daga asibiti da irin sallamar nan da likita ke cewa a je gida a ci gaba da addu'a. Ko kunu ba ya wucewa. Har an aika Kano an sanar da dangi.

Ranar wata Laraba bututu ya ƙare wa Hamidu, saura ɗaki ɗaya, na ƙarshen baranda, wanda aka ware wa Inna. Baballe mai filasta ya riga ya kwaɓa siminti, yana ta mita cewa hadari na haɗuwa. Sayo irin bututun kuwa sai an shiga motar haya ta danfo an yi rabin yini a gosulo. Hamidu ya tsaya a ƙofar ɗakin da guduma a hannu, wani tunani ya zo masa wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba: wa zai saurari lasifika a nan? Bai furta ba, amma ya gama lissafinsa, ya cire uwarsa daga cikin masu tarewa. Ya fasa ɗan rami, ya dasa akwati babu komai a bayansa, ya ce wa Baballe ya rufe.

To, Allah ba ya shawara da mai aikin wuta. Bayan mako uku Inna ta nemi tuwo. Bayan wata biyu tana zaune a tabarma tana faɗa da jikoki a kan carbinta. Kowa na murna, Hamidu ma yana murna har zuciyarsa, sai dai duk sanda ya wuce ɗakin ƙarshe sai ya kau da kai. An yi filasta, an yi fenti mai ruwan madara, ya ɗaura murfin soket mai ƙyalli a kan akwatin da ba shi da hanji. Sau da yawa ya yi niyyar gaya wa yayansa, sai ya tuna tambayar da za ta biyo baya. Ba fasa bangon yake tsoro ba, dalilin yake tsoro.

Ranar tarewa, bayan an ci shinkafar walima, Alhaji Harisu ya sa kaset a falo, ya ja baƙi ɗaki ɗaki yana nuna musu ikon Allah. Ko'ina murya tana fita tar, har kicin. Ya ajiye ɗakin Inna a ƙarshe don ya burge ta. Aka shiga, aka yi tsit, lasifika ma ta yi tsit.

Hamidu ya ce lasifikar ce jabu ta kasuwar Alaba, ba ta da kyau. Washegari ya canja ta. Ya ce to soket ne, ya canja shi. Ya ce ɓera, a gidan da ko ƙwayar hatsi ba a kai ga zubarwa ba. Mako biyu yana zuwa da jakar kayan aiki, ya durƙusa a gindin bango yana kwancewa yana ɗaurewa, yana gyaran abin da ya fi kowa sanin babu shi. Inna tana kan gado tana jan carbi, ba ta cewa komai sai sannu da aiki, kuma wannan sannun ya fi masa zagi ciwo. Da Alhaji ya fara cewa zai kira Baballe ya ji ko shi ya toshe bututun, Hamidu ya ji kunya ta rufe shi, don ya ga ƙaryarsa ta fara neman wanda za ta hau.

Wata la'asar, gidan ba kowa sai su biyu, ya sake durƙusawa da sukudireba. Inna ta ce, “Hamidu, ajiye ƙarfen nan, ka gaji.”

Ya ajiye. Ta ce lokacin da take kwance ba ta da aiki sai sauraro. Kowane ɗaki takan ji gudumarsa tun hantsi har azahar, tana ƙirgawa, tana sa masa albarka. Da aka zo kan nata, bugun bai kai tsawon alwala ba ya tsaya.

Hamidu ya buɗe baki zai kawo zancen bututu da hadari, sai ya fasa. Ya ce, “Inna, ki yafe mini.” Hawaye ya zubo masa, mutum mai 'ya'ya huɗu.

“Ni ma a lokacin haka na zata,” in ji ta. “Sai dai ni ban so a ce kai ma ka zata ba.”

Sannan ta ce kada ya fasa wa yayansa fenti, kada kuma a taɓa Baballe. Ta ce ya jawo wayarsa ta kan bango, ya sa ta daidai inda hannunta zai kai in tana tsaye.

Washegari ya yi hakan. Farar waya ya ɗauko daga bayan rakoda, ya bi da ita ta baranda, yana kafa ta da ƙananan ƙusoshi, a gidan da aka kashe dukiya don kada a ga waya. Alhaji Harisu ya dawo daga mayanka ya gani, ransa ya ɓaci, ya tambayi wane irin aikin ƙauye ne wannan. Kafin Hamidu ya amsa, Inna ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce ita ta sa, tana so ta riƙa bin ta da hannu zuwa falo ba sai an ja ta ba. Alhaji ya sauko nan take, har yana yaba dabarar, yana gaya wa baƙi irin basirar ƙanensa.

Shekara ta zagayo Inna tana nan, tana jin tafsirinta, tana bin wayar safe da yamma har gefenta ya yi duhu da shafar hannu. Hamidu ya ja waya a gidaje da dama bayan nan, bai sake tsallake ɗaki ba. Amma duk ranar da ya zo gaishe ta, kafin ya ga fuskarta sai ya bi ta barandar nan, wayar tana gefensa tun daga falo har ƙofarta.