Tara ga Watan Maris

Cikin minti uku alƙaliyar ta karanta hukuncin, ta tashi ta shige. Otis Beaumont bai kama ko rabinsa ba. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, hankalinsa kuma yana kan ɗansa Darnell, wanda ake fita da shi ta ƙaramar ƙofa da sarƙa a ƙafa.

Darnell yana ɗan shekara ashirin da biyu ya shiga wani gidan mai da bindiga, ya harbi ma'aikaci a cinya. Aka yanke masa ɗaurin shekara bakwai zuwa rai da rai. Otis ya ɗauka bakwai ɗin ce magana. Bakwai ta zo ta wuce. Sau huɗu kwamitin duba halin fursunoni yana zama, sau huɗu ana cewa a dawo bayan shekara uku. Tsakanin zama na biyu da na uku uwar yaron ta rasu. Sa rai ga ci shi ke kawo yunwa, har Otis ya daina sa rai. Sai bana sabuwar doka ta ba da damar a koma kotu.

A barandar kotu lauyan Darnell ya sami Otis tare da 'yarsa Charlene.

"Ku yi haƙuri, Mista Beaumont. Na roƙi a sake shi yau. Alƙaliya ta ba shi shekara sha tara cif. Ya yi sha bakwai, saura biyu."

"Biyu kuma?" Charlene ta ɗaga murya. "Jininsa suke so su sha?"

"Dakata, 'yar nan." Otis ya juyo da kunnensa mai ji. "Biyu, sannan kwamiti ya zauna?"

"Babu sauran kwamiti. Ranar na cika za su buɗe ƙofa."

"Ko fuskarsa ba ta yi wa wani ba?"

"Ko da kuwa."

"Yaushe?"

"Tara ga Maris."

"Wace rana ce a mako?"

Lauyan ya duba wayarsa. "Talata."

Otis ya zauna a kan benci. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin gemunsa, har masu wucewa suna waigowa.

"Baba, shekara biyu fa aka ce," in ji Charlene.

"Na ji. Talata."

Sun kusa fita daga gari a mota Otis ya taɓa hannun Charlene.

"Ki kira likitan nan. Ki ce na yarda a yi mini aikin zuciyar."

Charlene ta rage gudu, ta dube shi. "Likitan da ka shekara kana ce masa mahauci?"

"Shi. Sannan ki tsaya wajen mai soya kifi, tun jiya ban sa komai a ciki ba."

"Ya hana ka soyayye, Baba."

Otis ya kalli titi.

"To, gasasshe," ya ce.