Kofur Sila Ya Ƙi Fim ɗin Ɗaki

"Mai da shi cikin gwangwani, Tela! Wa ya ce ka ɗauko wannan?"

Ina tsaye bakin gadonsa da fim na ɗaukar hoto a hannu kamar wanda aka kama da kazar mutane. Kofur Sila maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba shagon ɗinkina da ɗakin hotonsa. Tun da ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa shi ke ɗaukar mutanen Zuru hoto. Yanzu ciwon ƙirji ya cinye shi, ga ɗansa Solomon yana barikin Kaduna ya aiko a tura masa hoton uban, tunda an hana shi hutu.

Na ce, "Kofur, ai kai ka gaya mini wannan shi ke gani cikin duhu. Ka kwanta abinka in ɗauka."

"Yana gani, amma mi yake gani? Fuska duk tsaki-tsaki kamar dussa. Wannan na masu jego ne da gawa. Ni ban mutu ba tukuna. Ɗauko na rana, mai jan tambari."

Matarsa Leah ta aje ƙwaryar kunu. "Baban Solomon, na rana sai ka fita waje. Ƙafar da ba ta kai ka bayan gida, ita za ta tsaya?"

"Za ta tsaya ko ta ƙi. Ɗana ba zai gan ni kwance ba."

Kai, mutumin nan da taurin kai yake! Raina ya ɓaci, amma na buɗe akwatin da yake aje fim. Akwai wani fim mai araha a sama, na kai hannu, ya daka mini tsawa har tari ya sarƙe shi. Wai wancan makaho ne wajen ja: jar hularsa ta soja zai mayar baƙa, ya haɗiye zanen fuskarsa na Dakarkari, a ga mutum kamar gindin tukunya.

Na ɗauko mai jan tambarin na sa cikin akwatin hoto. Muka sa masa kaki, na ɗaure faɗin rigar da allura ta baya don ya rame ƙwarai. Muka fito da shi tsakar gida, gaban yadin da yake ratayawa mutane su tsaya a ɗauke su hoto. Damina ce, hadari ya taso daga wajen Ribah ya rufe rana.

"Mu ɗauka haka nan," in ji ni. Wallahi tsoro nake ji kar ya faɗi a hannuna.

"Kar ka taɓa! Fim ɗin nan ba ya son rowar haske. Mu jira rana."

"To zauna kan turmi kafin ta fito."

"In na zauna ba ni tashi."

Haka ya tsaya, gumi yana bin wuyansa. Na ɗaga kai ina roƙon Allah, Leah tana kiran Yesu a hankali. Can na neme ta na rasa, ashe ta zagaya bayan yadin. Sai ga rana ta tsaga hadarin.

"Yanzu!"

Na danna. Ya ƙara tsayawa kaɗan, don kar a ce akwatin hoto yake jira, sannan ya sulale muka tare shi.

Bai ga hoton ba. Ranar kasuwa ya cika, da hantsi. Babu mai wanke fim a garin sai shi, don haka na ba direban mota ya kai Kwantagora. Da aka dawo da hoton na kai wa Leah tana bakin murhu. Ta goge hannu a zani, ta riƙe shi ta gefe-gefe.

Ga Kofur tsaye cak, haɓa sama, zanen kumatunsa ya fito ɗaya bayan ɗaya. A bayansa, daidai kafaɗu, yadin ya ɗan kumburo wuri biyu, girman tafin hannun Leah.