Ƙyauren Bakin Kogi

Glenys tana durƙushe a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwa, hannunta dumu-dumu da baƙin mai, tana mayar da kacar keken wata baƙuwa, sai waya ta hau kuka a aljihunta. Ta maƙale ta a kafaɗa.

"Yaya Dougal, ina kwana?"

"Ina kwanan me? Kuna ina?"

"Mun juyo, muna gadar farko. Lafiya dai?"

"Ku same ni a ƙyauren bakin kogi. Ke da mijinki da 'yan yawon naku, kada a rage ko ɗaya."

Ya kashe wayar. Dougal dai ba mutumin waya ba ne. Sai ya shekara bai kira ta ba.

Shekara shida ke nan ita da mijinta Tipene suna wannan sana'a. Su kwaso mutanen biranen Auckland da Wellington da hayaƙin mota ya ishe su, su ɗora su a kan keke kwana uku: a bi kanal ɗin da ke kai ruwa tashar wutar lantarki, a gangara bakin kogi, a dawo. Alkawarinsu ga baƙi ɗaya ne, ba za ka haɗu da mota ba. Wannan alkawari kuwa a kan kilomita huɗu ya rataya, waɗanda suka ratsa gonar tumakin yayanta. In ba nan ba sai babban titi, inda tankokin madara ke gudu kamar an koro su. Babu takarda tsakaninsu, magana ce kawai, ita ma sai da Glenys ta yi wata biyu tana lallashi kafin ta fito daga bakinsa.

Suka hau. Tipene a gaba, baƙi takwas a tsakiya, ita a baya, kamar kullum. Na gaba ya buɗe ƙyaure, na baya ya rufe, haka aikin yake. Zafin Janairu, wanda a ƙasar nan shi ne tsakiyar bazara, ya buɗe sosai, ciyawa ta bushe ta yi fari, ruwan kanal yana tafiya shuɗi shar ba ko motsin kifi. Baƙin sai ɗaukar hoto suke yi.

Warin ne ya fara tarbarsu. Da suka sha kwanar itatuwan bakin kogi, sai ga ƙyauren a buɗe, ga Dougal tsaye da karnukansa biyu kusa da a-kori-kura. A bakin shingen, matattun tumaki ne jibge, wata kan wata, cikinsu ya kumbura, ƙuda ya rufe su. Sauran garken suna can ƙasa sun kafa kai a ruwa. Wasu 'yan raguna suna zagaya tulin suna kuka.

"Ashirin da uku," in ji Dougal. Bai gaisa da kowa ba. "Shekaranjiya da safe na buɗe ƙyauren nan da hannuna, na tokare shi da dutse, don su riƙa sauka shan ruwa. Na tafi sausayar gashin tumaki a bayan tsauni. Yau na dawo na same shi a rufe, har da sarƙa. Kwana biyu suna jin ƙanshin ruwa. Suka taru a nan suna turereniya, na ƙasa suka shaƙe." Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Wane mai taimakon ne a cikinku?"

Tun da ya ambaci dutse Glenys ta gane. Ta tuna. Shekaranjiya an yi faci a baya, ta iso ita kaɗai, a makare, tana sauri ta cim ma sauran. Ta ga ƙyaure a buɗe, ta ɗauka Tipene ne ya tokare shi, ta shure dutsen da ƙafa, ta ja, ta maƙala sarƙa. Ko waiwaye ba ta yi ba. Duk yaron da aka haifa a gonakin nan, kafin ya iya ɗaure takalmi an koya masa: yadda ka sami ƙyaure haka za ka bar shi. In ba ka tabbata ba, ka tambaya. Ita da ta fi kowa sani ba ta tambaya ba.

Ta dubi Tipene. Ya sunkuyar da kai. Shi ma ya tuna cewa a buɗe ya samu, kuma bai bar mata saƙo ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kafin ɗayansu ya buɗe baki, wani dattijo ya jingine kekensa ya matso. Wallace Pringle ke nan, tsohon likitan haƙori, shekararsa saba'in da huɗu, wanda tun ranar farko ya addabi kowa da son taimako. Ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ina jin ni ne. Na rufe wani ƙyaure shekaranjiya."

"Na faɗa!" Matarsa Noeline ta tafa hannu. "Kai da shisshigi, Wallace! Wa ya aike ka? Mutumin da ko ƙofar gareji sai na bi bayansa na rufe, yau shi ne sarkin rufe ƙyaure."

"Noeline, ki bari mana."

"Ba zan bari ba. Dubi abin da ka jawo wa bawan Allah."

Glenys ta san ƙyauren da yake nufi. Na bakin tafki ne, nisan kilomita goma daga nan, kuma a gabanta ya rufe shi da izininta. Amma ga ɗan birni duk ƙyaure ƙyaure ne.

Dougal ya daɗe yana kallon tsohon. Wallace ya dubi 'yan ragunan nan, hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa.

"Zan biya, ko nawa ne."

"Riƙe kuɗinka, Baba." Muryar Dougal ta sauko. Ya ciro hankici mai datti ya share wuyansa. "Kai ba ka sani ba. A garinku ai rufe ƙofa shi ne hankali. Laifina ne da na bar baƙi suna ratsa mini gona ba ko allon sanarwa." Ya juya ga Tipene. "Suruki, ku yi mini allo babba, da jan fenti, yadda ko makaho zai gani. Ku kafa kafin ayari na gaba. In an sake, to, kun san sauran."

"An gama, Yaya. Gobe-goben nan." Tipene ya matso kusa da Glenys, ya kama gwiwar hannunta ya matse. Ya yi ƙasa da murya. "Ki yi shiru, don Allah. An wuce wurin."

An wuce ɗin kuwa. Hanya ta tsira, sana'a ta tsira, tsoho zai koma birninsa jibi, babu wanda zai sake ganinsa. Glenys ta so ta yi shirun, ta so ƙwarai, har ta kama hannun kekenta. Sai ta ji Wallace yana ce wa matarsa:

"Kira mana mota ta zo ta ɗauke mu. Na gama da keke. Yaranmu sun yi gaskiya, na tsufa, kaina ba ya riƙe abu."

"Da ma tun yaushe nake gaya maka," in ji Noeline, amma yanzu ita ma kuka take.

Kunya ta rufe Glenys, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta zare hannunta daga na mijinta.

"Baba Wallace, ba kai ba ne. Naka na bakin tafki ne, kuma daidai ka yi." Ta juya. "Yaya, ni ce. Na zo a makare, na ga dutsen, na shure shi."

Dougal ya juyo gare ta. A ranta tana sa ran zai yi faɗa, ya zage ta tas kamar lokacin ƙuruciya, sannan ya huce. Ciki ɗaya ai ba wasa ba ne.

Bai yi faɗa ba. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Ke, Glenys?"

"Ni."

"Kin ga dutsen?"

"Na gani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya je bayan mota ya yi ta bincike cikin tarkace, ya dawo da kwaɗo mai tsatsa, makullin na reto a jiki.

"Suruki, bar maganar allon nan."

"Haba Yaya, kuskure ne fa. Ni ma da nawa laifin, da na bar mata saƙo..."

"Na sani kuskure ne. Baƙo in bai sani ba, sai a rubuta masa ya karanta. Wadda aka haifa a ɗakin can, ta yi kiwo a filin nan shekara goma sha takwas, me zan rubuta mata?" Ya nuna hanya da haɓa. "Ku wuce da mutanenku. Na yau ne na ƙarshe."

Baƙin suka tura kekunansu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauda kai daga tulin. Wallace ya tsaya a gabanta, ya taɓa kafaɗarta, ya hau kekensa. Tipene ne na ƙarshe. Bai dube ta ba.

"Kina zuwa ko kuwa?"

"Kai su gida. Zan zo."

Ta kwantar da kekenta a ciyawa, ta naɗe hannun riga. Dougal ya jefa kwaɗon a aljihu, ya sauke murfin bayan motar, ya kama ƙafafun gaba na tunkiya ta farko. Ita ta kama na baya. Ta fi yadda take tsammani nauyi.

"Ɗaga da kyau," in ji shi. "Saura ashirin da biyu."