Mai Sunan Shehu

Karo na uku ke nan ma'aikacin makarantar koyon jinya yana turo wa Sakinatu takardun ta ƙasan taga.

"Hajiya, kwamfuta ta ƙi. Sakamakon jarrabawa ya ce Adawiyya Usman, katin ɗan ƙasa ya ce Adawiyya Shehu. Mutum biyu ke nan. Ƙarhe huɗu za a ruhe rajista."

"Ɗiyata guda ta, ubanta guda na," in ji Sakinatu. "Cikin Sakkwato wa ab bai san Shehu shi na wancan sunan ba?"

"Ni na sani. Kwamfuta ba ta sani ba."

Haushi ya turnuƙe ta, kuma ta san rabin laifin nata ne. Shekarun baya da ta kai Adawiyya yankan kati, aka tambaye ta sunan uba. Mace mai kunya ba ta kama sunan miji, sai ta ce, "Mai sunan Shehu." Yaron da ke bugawa ya ɗauki wutsiyar zancen ya bar kan. Shi mai sunan kuwa, mijin nata, mahauci ne a unguwar Minanata, bara ya rasu yana cewa ko ta halin ƙaƙa yarinyar nan ta yi karatun jinya.

Aka ce sai takardar rantsuwa daga kotu. Suka hau Keke Napep cikin rana tsaka, Adawiyya na duba agogon waya kamar mai tsaron tukunya.

Magatakardan kotun, Malam Junaidu, dattijo ne mai furfura. Ya saurara, ya ɗauki biro.

"Sunan marigayin?"

"Sunan mai Hubbare," in ji Sakinatu.

"Allah shi ba mu albarkatai. Sunan fa?"

"Halifa na uku, surukin Manzo. Wanda yat tara Alƙur'ani."

"Hajiya, ba tarihi nit tambaya ba."

"Inna, bari ni in hwaɗi," in ji Adawiyya.

Malam Junaidu ya girgiza kai. "Mai rantsuwa ka hwaɗi da bakinta. Ba ni rubuta abin da ban ji ba."

Ran Sakinatu ya ɓaci ƙwarai. Ga manyan bayin Allah da suka ɗauki sunan nan, kowa ya san su, amma duk ba su isa su tsaya wa mahauci ɗaya shaida ba. Shekara ashirin da shida tana kewaye sunan kamar mai kewaye rijiya. Ko ɗan maƙwabta mai sunan, Manu take ce masa. Ta dubi agogon bango, uku saura kwata. Ta dubi Adawiyya, wadda ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi, ba ta roƙe ta ba. Wannan shirun ya fi roƙo ciwo.

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Usmanu."

Malam Junaidu bai ɗago ba. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙo.

Suka koma makaranta. Huɗu saura minti goma kwamfuta ta haƙura. Adawiyya ta fito da takardar shiga tana dariya, ta tarar da uwar zaune a kan dakali, ta zuba wa ƙasa ido.

"Inna, lahiya?"

"Ashe sunan da daɗi ga baki," in ji Sakinatu. "Da na sani, da na kira shi ko sau guda, lokacin da yaka iya amsawa."