Alhamis ɗin Jekope

A tsibirinmu, in aka ambaci Jekope, wakilin jirgin ruwan da ke kawo mana kaya daga Suva, babban birnin ƙasarmu, sai mata su taɓe baki. Wasu su ce Alhamis ɗinsa ba ta cikin mako. Wasu su ce ba maƙaryaci ba ne, bakinsa ne bai iya furta "ban sani ba". Mu da muka tsufa a nan, in ya ce Alhamis, abin da muke ji shi ne kayanka na hanya, je ka kama wani aikin.

Sakiusa bai ji haka ba. Ya daɗe yana tuƙin bas a ƙasar waje, a birnin Brisbane, inda ƙarfe bakwai ke nufin ƙarfe bakwai. Ya dawo aurar da 'yarsa, ya sayi firiza daga Suva don ajiye naman biki, yana jiran jirgin ya kawo.

Ina zaune a inuwar shago tare da Jekope, Sakiusa ya zo tambayarsa.

"Taubashi, Alhamis ɗin nan ko?"

Jekope ya ɗaga gira, wato haka ne.

"Ka tabbata, mai kan kwakwa? Saniya zan yanka."

"Yanka biyu ma, Bature," in ji Jekope. Aka yi dariya.

Laraba da yamma Sakiusa ya yanka saniyarsa, ita kaɗai gare shi. Alhamis ta zo ta wuce, teku wayam, biki kuwa sai mako na gaba. Matarsa Unaisi ta gasa wanda ta iya, ta zuba wa wani gishiri har gishirin ya ƙare. Sauran ya zauna rataye a gindin mangwaro. Kafin Lahadi ya yi kore, yana ɗigar wani ruwa mai yauƙi, tsutsotsi na faɗowa a kan tabarma. Warin ya bi iska har cikin coci, mawaƙa na rerawa da ƙyalle a hanci.

Sakiusa na tura naman cikin rami a bayan gida, yana tofar da yawu, Jekope ya iso riƙe da saiwar yaqona, wadda muke kaiwa neman gafara. Ya durƙusa ya miƙa, kansa a ƙasa. Sakiusa ya ci gaba da zuba ƙasa.

"Ajiye ta can," ya ce. "Saiwa ba ta magana, ni kuma na gaji da karatun girarka."

Jekope ya daɗe a durƙushe, ƙudaje na sauka a wuyansa.

"Tun kafin ka tambaye ni na san injin jirgin ya mutu a Suva," ya ce. "Nauyin gaya maka na ji. Na cuce ka, taubashi, na cuci yarinyar nan. Ka yafe mini."