Iskar Teku da Sunan 'Yar Fari

Malam Ja'afaru mutum ne da zai dubi sama ya gaya maka ƙarfe nawa hadari zai haɗo, amma ba zai iya buɗe baki ya kira sunan 'yarsa ba. Shekara talatin ya yi a ofishin duba yanayi na wani filin jirgi a Najeriya kafin ya yi ritaya. Sunayen matuƙa jirgi kuwa ya kira su ba adadi, har da na Turawa masu karya harshe. Amma Ummukulthum 'yar fari ce, shi kuma Bakatsine ne irin na da, masu riƙe alkunya da hannu biyu. Yarinya ta girma, ta zama injiniya a wani kamfanin gas a Doha, amma a bakinsa har gobe sunanta "yarinyar nan".

A farkon 2020 suka zo ganinta shi da matarsa Hajiya Barira, da niyyar wata ɗaya. Korona ta rufe hanya, suka share wata bakwai a ɗan gidanta na unguwar Bin Mahmud, ɗaki biyu da falo. Kai, abin dariya! Mutum uku a kan tabarma ɗaya, sai ka ji ya ce, "Barira, gaya wa yarinyar nan ta sa takunkumi biyu in za ta fita."

"Ga ta nan a gabanka, Malam. Kunnenta lafiya lau."

Sai Ummukulthum ta yi dariya ta ce, "Mama, gaya wa Baba na ji."

Dariya dai take yi, amma shi ba makaho ba ne. Yakan ga yadda dariyar ke saurin gushewa daga fuskarta, abin ya sosa masa rai, don wallahi duk cikin 'ya'yansa bakwai babu wanda ya kai ta a zuciyarsa. To, ya zai yi? Haka ubansa ya yi wa yayarsa, haka kakansa ya yi.

Da aka sassauta kulle ne ya gano abin da take yi ranar hutunta. Ta ɗauke su a mota suka bar gari, suka nufi wani ɗan fili a hamada inda wata ƙungiya ke tashi da gilaida, wato jirgi marar inji. Doguwar igiya ake ɗaura masa, wani inji a ƙasa ya fizge shi ya hau sama, a saki igiyar, daga nan sai abin da iska ta yi da kai. Hajiya Barira ta dafe ƙirji tana salati. Malam Ja'afaru kuwa ya koma gefe. Ya dubi doguwar jakar ƙyallen da ke kan sanda tana nuna inda iska ta dosa, ya dubi gajimare, ya ce wa babu kowa, "Nan da rabin awa za ta juya."

Mai koyar da ita ya ji shi. Kyaftin Aruna ke nan, mutumin Kumasi ɗan zangon Hausawa, matuƙin babban jirgi da korona ta zaunar. Da rabin awa ta cika jakar ta juya, sai Aruna ya tafa hannu ya ce, "Tsoho, ina ka ɓuya tuntuni? Yalla, maza zo ka zauna nan!" Ya zaunar da shi a wani tebur ƙarƙashin rumfa, ga na'urar auna iska, ga kwamfuta, ga oba-oba, wato rediyon magana da jirage. Aikin mai teburin shi ne ya riƙa sanar da waɗanda ke sama halin da iska ke ciki a ƙasa, don wanda ke can sama ba ya jin ta a jikinsa. A ƙungiyar kowa da sunansa ake kiransa ta oba-oba. Malam Ja'afaru ma haka yake yi wa kowa, ban da mutum ɗaya. Ita sai dai ya kira lambar da ke jikin jirginta. Aruna ya yi masa tsiya har ya gaji.

Da hanya ta buɗe suka koma Katsina. Bayan shekara biyu, lokacin gasar cin kofin duniya, ta sake aiko masu da tikiti. Hajiya Barira ta ɗauka ƙwallo za a kai su kallo. Ashe yarinya ta kai matakin da za ta tashi ita kaɗai karon farko, ba malami a bayanta, kuma ta ce ba ta yarda kowa ya zauna a teburin nan ba sai Baba.

Garin ya cika ya batse. Ko'ina tutoci, jirgin ƙasa maƙil da masu waƙa da ganguna, sama kuma jiragen 'yan kallo sai sauka suke kamar tantabaru a kan tsaba. Saboda cunkoson, awa biyu kacal aka ba ƙungiyar a makon, su ma da rana tsaka. Malam Ja'afaru bai so lokacin ba ko kaɗan. Ya san ƙasar nan: in hamada ta ɗau zafi, iskar teku takan shigo daga gabas ba sallama ta ture wadda ke kaɗawa tun safe. Ya gaya wa Aruna. Suka duba na'ura tare, ta nuna iskar tekun sai la'asar.

"Khalas, shi ke nan, tsoho. Minti ashirin za ta yi ta sauko," in ji Aruna.

Kafin ta shiga jirgin ta zo ta durƙusa gaban teburin. "Baba, a yi mini addu'a."

Ya kafa wa kwamfuta ido. "Barira, ce mata Allah ya kiyaye. Ta riƙa sauraron oba-oba."

Igiya ta miƙe, farin jirgin ya ruga a kan titi, ya ɗaga hanci ya hau. Jirgi biyu ne kawai a sama ranar, nata da na wani Bafalasɗine, don sauran 'yan ƙungiyar duk sun tafi kallon wasa. Hajiya Barira na jan carbi. Shi kuwa ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi jirgin ba, kada a ce yana kallon 'yar fari. Jakar iska yake kallo.

Minti goma sha huɗu da tashinta jakar ta saki jiki ta faɗi. Wani ɗan sanyi mai ƙamshin gishiri ya taɓa masa wuya. Ya gane iskar teku ce tun kafin na'ura ta ce komai. Jakar ta sake cika, amma ta juya baya gaba ɗaya, kuma da ƙarfi.

Ga inda matsalar take. Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, ita ke rage masa gudu. In ta biyo shi ta baya, sai ta ingiza shi ya wuce ƙarshen titi, a ƙarshen wannan titin kuwa shingen waya ne da duwatsu. Jirgi mai inji yakan sake tashi ya gyara. Gilaida sau ɗaya take sauka.

Ya danna oba-oba ya yi magana da Turancinsa na aiki, a natse. Duk jiragen da ke sama, iska ta juya, a sauka ana fuskantar teku. Bafalasɗinen ya amsa nan take. Ita shiru.

Ya kira lambar jirginta. Shiru. Ya sake kira. Shiru.

A nan ne ya ɗaga kai. Ta riga ta fara gangarowa, tana bin hanyar da aka koya mata da safe, wadda yanzu za ta sa iska a bayanta. Aruna ya taho a guje ya fizgi oba-oba. "Ummu! Ummu, juya! Kina ji na?" Ya faɗa da Turanci, ya faɗa da Hausarsa ta zango. Ko motsi. Ya dubi Malam Ja'afaru, goshinsa duk gumi. "Tsoro ya toshe mata kunne. Na sha gani a tashin farko, suna jin murya amma ba ta shiga. Minti ɗaya ya rage ta iya juyawa."

Hajiya Barira ta saki carbi ta riƙe hannun rigar mijinta. Ba ta roƙe shi komai ba, "Malam" kawai ta ce.

Sau ɗaya ya taɓa furta sunan nan, shekara talatin da uku da suka wuce, a cikin kunnen wata jaririya da ba ta fi tafin hannunsa biyu ba, ranar da ya yi mata huɗuba. Ya karɓi oba-oba daga hannun Aruna. Muryarsa ta fito sarai.

"Ummukulthum."

Aruna ya waiwayo ya dube shi.

"Ummukulthum, ni ne babanki. Saurare ni, 'yata. Iska ta juya. Kada ki sauka ta nan."

Oba-oba ya yi ƙara, sai ga wata siririyar murya. "Na'am, Baba?"

"Karkata dama, a hankali. Bi gefen titi har ki wuce ƙarshensa, sannan ki juyo ki fuskanci teku. Kina da sauran tsawo, na auna. Kada ki yi gaggawa. Ina kallonki."

Farin fiffiken ya karkata. Yanzu kam kallonta yake, ido buɗe, a gaban kowa, yana gaya mata ƙarfin iska duk bayan 'yan daƙiƙu. Ta zagayo, ta daidaita hanci, ta gangaro. Taya ta taɓa ƙasa, ta yi ɗan tsalle, ta sake taɓawa. Jirgin ya gurgura ya tsaya a tsakiyar titi, fiffike ɗaya ya kwanta a kan yashi.

Hajiya Barira ta zube ta yi sujada a kan tsakuwa. Aruna ya ɗaga hannu sama yana ihu. Malam Ja'afaru ya koma kujerarsa, ya jawo littafin aiki ya hau rubuta lokacin da iska ta juya, wai shi a dole ba abin da ya faru. Kunya ta dawo masa gaba ɗaya, har kunnuwansa na zafi.

Murfin jirgin bai buɗe ba. Sai oba-oba ya sake ƙara, ga muryarta, ba ka ce kuka take ko dariya ba.

"Teburin yanayi, na sauka lafiya. Amma farkon saƙonka bai fito sosai ba. A maimaita."

"Iska daga gabas," ya ce da sauri, "ƙarfinta..."

"Ba wannan ba, Baba. Na farkon."

Aruna ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Malam Ja'afaru ya waiwayi matarsa neman agaji, bakinsa har ya fara haɗa "Barira, gaya wa". Ta miƙe tana kakkaɓe goshi, hawaye shaɓe-shaɓe, ta harare shi.

"Wallahi na yi ritaya ni ma. Kashe ni za ku yi da aike?"

Ya dubi oba-oba a hannunsa. Ya dubi ɗan farin jirgin can cikin rana, da wadda ke zaune a ciki ta ƙi fitowa. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya har sau biyu, sannan ya danna.

"Ummukulthum," ya ce, "fito haka nan, rana na dukanki. Taho in gan ki."